Idan Aka Miƙa Linzami, Wa Zai Riƙe?

Akwai wata tsohuwar tambaya da malaman falsafa ke son jefa wa ɗalibansu. A ce an zo wa 'yan Adam da tayin ciniki: za a ɗauke musu duk wata wahala, babu yaƙi, babu yunwa, babu kukan maraya, amma su kuma su miƙa ikonsu na zaɓi, su zama halittun da ba sa iya nufin komai sai abin da aka tsara musu. A sallama, ko a ce albarka?

Mai lafiya da ƙoshi ba ya ɓata lokaci wajen cewa albarka. Zai kawo zancen darajar ɗan Adam, ya ce rayuwar da babu zaɓi a cikinta rayuwar dabba ce. Sai dai wannan amsa tana da arha a bakin wanda ba ya jin ciwon komai. Uwar da ta kwana a zaune tana riƙe da yaro mai sikila, yana murƙususu yana roƙon a sare masa ƙafar ya huta, ba za ta ji daɗin wannan huɗuba ba, kuma tana da gaskiya. Duk wanda zai ƙi cinikin, wajibi ne ya kawo hujjar da zai iya faɗa a gaban wannan uwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Hujjar tana nan, kuma a tarihi take: an taɓa yin irin wannan ciniki a kan mutane na gaske, an kuma bar bayanin yadda ya kaya.

Tambayar ko ɗan Adam yana da zaɓi tun asali wata magana ce dabam. Malaman Musulunci sun sha fama da ita tun ƙarnonin farko, tsakanin Jabriyya masu cewa bawa tilasta shi ake yi, da Ƙadariyya masu cewa shi ke samar da aikinsa, har Imam Ash'ari ya zo da bayanin kasabu a tsakaninsu. A yau ma akwai masana ƙwaƙwalwa irin su Robert Sapolsky, wanda ya fitar da littafi a 2023 yana musun zaɓin baki ɗaya. To amma ko wanda ya ƙaryata zaɓi a aji, ya san bambancin ya fita gida da ƙafarsa da a fitar da shi a ɗaure. Wannan zaɓin na yau da kullum, na mutum ya ce e ko a'a a kan jikinsa da rayuwarsa, shi ne hajar da ake son saya.

Wanda ya fi kowa iya tallata cinikin shi ne marubucin Rasha Dostoevsky, duk da cewa shi kansa yana ƙinsa. A cikin littafinsa na 'yan'uwan gidan Karamazov, wanda ya fito tsakanin 1879 da 1880, ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya ƙirƙiri labari: Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sake bayyana a birnin Ishbiliya na ƙasar Sipaniya a ƙarni na 16, zamanin da kotun coci ke ƙona waɗanda ta kira 'yan bidi'a. Shugaban kotun, tsoho mai kusan shekara 90, ya sa aka kama shi, ya same shi a kurkuku da dare ya yi ta zarginsa da cewa ya ɗora wa mutane kayan da ya fi ƙarfinsu. A ganin tsohon, talaka gurasa yake so da wanda zai yanke masa hukunci, don haka cocin ta karɓe 'yancin ta ba shi kwanciyar hankali. Shekaru hamsin da ɗoriya bayan haka, a 1932, Aldous Huxley na Ingila ya zana irin wannan duniya da kayan zamani, inda ake ƙyanƙyasar jarirai a kwalba, ana kuma raba wata ƙwaya da ke kashe duk wani ɓacin rai.

Akwai abu guda a littattafan biyu da masu muhawara kan tsallake. Tsohon alƙalin bai miƙa nasa zaɓin ba. Ya ce shi da 'yan tsirarun da ke mulki za su ɗauki nauyin sani, sauran jama'a su huta kamar yara. A duniyar Huxley ma masu juya al'amura goma ne, kuma ɗayansu yana da akwatin da ya kulle littattafan da ya haramta wa kowa, shi kaɗai yake karantawa. Ko a tatsuniya, marubutan sun kasa ƙirƙirar duniyar da zaɓi ya ɓace daga cikinta. Abin da suka iya nunawa shi ne zaɓi ya bar hannun mutane masu yawa ya taru a hannun kaɗan. Tambayar aji tana ɓoye wannan, domin tana magana kamar akwai wani maɓalli a sama da zai danna kansa. A doron ƙasa kuwa, linzamin da aka saki wani ne ke ɗauka.

Ga yadda abin ya kasance da aka fito daga littafi aka shiga asibiti. A ƙarshen 1935, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, wani likitan jijiyoyi mai suna Egas Moniz ya sa aka huda ƙoƙon kan wata mai taɓin hankali aka lalata wasu jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassanta. Gaban ƙwaƙwalwa shi ne wurin da ke da babban hannu a tsara gobe, da auna sakamako, da tashi a yi abu ba tare da an tura mutum ba. Moniz ya ba da rahoton cewa marasa lafiyarsa sun samu natsuwa. A 1949 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci. Wannan tiyata ita ce aka fi sani da lobotomi.

Bai kamata a ɗauki likitocin wancan zamani a matsayin azzalumai kawai ba, domin yin haka zai sa a rasa darasin. Asibitocin masu taɓin hankali na Amurka sun cika sun batse, har yawan waɗanda ke cikinsu ya haura rabin miliyan a tsakiyar shekarun 1950. Babu maganin sha mai aiki. Mutum kan shekara ashirin a ɗaki yana ihu, yana buga kansa da bango. Likitan da ya ga haka kullum, aka ce masa ga aikin da zai sa ihun ya tsaya, tausayi ma zai iya tura shi. Irin tausayin tsohon Ishbiliya ne sak.

Walter Freeman, likita a birnin Washington, shi ya mayar da abin ruwan dare. Shi da abokin aikinsa James Watts suka fara a 1936. Bayan shekara goma Freeman ya ɓullo da gajeriyar hanya: a sumar da mutum da wutar lantarki, a cusa wani tsinken ƙarfe ta saman ƙwayar ido, a buga shi da ƙaramar guduma ya fasa siririn ƙashin da ke wurin, a juya shi cikin ƙwaƙwalwa. Minti goma sun isa, ba a buƙatar ɗakin tiyata. Watts ya ƙi yarda da wannan, suka raba gari. Freeman ya riƙa yawo da mota daga asibitin gwamnati zuwa wani, har a 1952 ya yi wa mutum sama da 200 aikin cikin makonni biyu a jihar West Virginia. Shi kaɗai ya yi wa fiye da mutum 3,000, a Amurka baki ɗaya kuwa an yi wa dubun dubata, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Me aka samu? Wasu sun mutu, wasu sun kamu da farfaɗiya, wasu sun koma gida har sun riƙe ƙananan ayyuka. Amma siffar da ta fi maimaituwa a bayanan likitocin kansu ita ce mutuwar zuciya: mutum ya zauna inda aka ajiye shi, ba ya fara komai, ba ya damuwa da gobe, ba ya damuwa da jiya. Wato abin da aka cire shi ne daidai abin da tambayar aji ta ce a miƙa.

A nan ne masu goyon bayan cinikin ke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. An yi wannan tiyata ga wasu masu ciwon daji da sauran cututtukan da raɗaɗinsu ya gagari magani. Bayan aikin, idan aka tambaye su, sai su ce ciwon yana nan yadda yake, amma ya daina damunsu. Wannan ya nuna cewa zafin da jiki ke ji dabam, azabar da rai ke sha dabam, kuma azabar tana da alaƙa da wannan sashe na mutum mai hangen gaba, mai tsoron daren gobe, mai cewa bai yarda ba. Ga wanda ya rage masa makonni a duniya cikin ciwon da babu mai iya kwatantawa, idan shi da kansa ya nemi wannan sauƙi yana sane da kuɗinsa, da wuya a sami mai ƙarfin halin da zai zarge shi. Cinikin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Yana iya biyan abin da ya yi alkawari.

Matsalar ita ce da wane mudu aka auna nasarar, kuma wa ya riƙe mudun. A yawancin asibitocin, ana cewa aiki ya yi kyau idan mara lafiya ya daina faɗa, ya daina yaga tufafi, ya zama mai sauƙin kulawa. Wannan awon mai jinya ne, wanda hutunsa ya tabbata ko da me mara lafiyan ke ji a ciki. Kuma babu yadda za a yi a gyara awon, domin shaida guda da zai iya cewa an cuce shi shi ne wanda aka kashe wa ikon ƙorafi. Duk wani magani da ya yi kuskure, mara lafiya kan dawo ya ce bai ji daɗi ba, a canza. Wannan kuwa yana rufe ƙofar da labarin kuskurensa zai shigo. Shirun da ya biyo baya zai iya zama na wanda ya huta, zai iya zama na wanda aka toshe wa baki, kuma daga waje kamarsu ɗaya.

Sai kuma batun wanda ya sa hannu. Rosemary Kennedy, ƙanwar John Kennedy wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, tana da shekara 23 a 1941 lokacin da mahaifinta ya kai ta wurin Freeman da Watts. Tana da jinkirin fahimta tun yarinta, ta kuma fara fushi mai tsanani da fita da dare, abin da ya tayar da hankalin gidan da ke tsoron abin kunya. Ta fito daga tiyatar ba ta iya tafiya sosai, ba ta iya magana mai ma'ana, ta ƙare sauran rayuwarta a hannun masu kula har ta rasu a 2005. Damuwar gidan ta ragu, babu shakka. Ita ce ta biya.

Tarayyar Sobiyet ta haramta aikin a 1950. A sauran wurare, abin da ya kashe masa kasuwa shi ne ɓullar wani maganin sha mai suna chlorpromazine, wanda likitoci a Faransa suka fara gwadawa a kan masu taɓin hankali a 1952. Ba a bar Freeman ya daina ba sai a 1967, bayan wata mata ta mutu a hannunsa.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai iya cewa wannan tarihin Turawa ne. Amma lissafin da ya kai Rosemary ɗakin tiyata ba baƙo ba ne a nan. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonni kaɗan aka gano irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Mafi yawan waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su, suna kuma biyan kuɗi. Waɗannan iyaye ba dodanni ba ne. Uba ne da ɗansa ya faɗa shaye-shaye, ya sayar da kayan ɗakin uwarsa, ya ɗaga wa ƙannensa wuƙa, ga shi babu asibitin da zai karɓe shi a kusa ko a kuɗin da gidan zai iya biya. Aka ce masa ga inda za a karya taurin kan yaron kowa ya huta. Gidan ya samu barci. Abin da yaron ya gani a bayan ƙofa kuwa, babu wanda ya ji sai ranar da aka ɓalle ta, saboda sharaɗin farko na wurin shi ne maganarsa ba ta da daraja.

Duk da haka, kuskure ne a ce kada a taɓa miƙa linzami ko kaɗan. Kowace rana mutane na kwanciya a ɗakin tiyata a yi musu allurar barci, su bar jikinsu a hannun wani na sa'o'i. Mashayin da ya gaji da kansa yana iya roƙon a tsare shi wata uku, ya ce ko ya yi kuka kada a buɗe. Fiƙihu ma ya san da haka: akwai babin hana wawa ko mai taɓin hankali taɓa dukiyarsa, a naɗa masa waliyyi. Sai dai a dubi sharuɗɗan da ke tattare da waɗannan. Akwai wa'adi. Waliyyin yana ƙarƙashin idon alƙali, ana iya tuhumarsa. Kuma manufar ita ce ranar da hankali ya dawo a mayar wa mai abu abinsa. Wannan ajiya ce, mai ita zai dawo ya karɓa, ya kuma tambayi yadda aka riƙe ta. Tayin da ke cikin tambayar aji sayarwa ce ta har abada, a madadin kowa, har da waɗanda ba a haifa ba, ga mai sayen da babu alƙalin da ke sama da shi.

Najeriya ma ta taɓa nuna wata hanyar. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani ɗan'uwansa, su je karɓar magani da rana su dawo cikin jama'a. A shekarun da Freeman ke yawo da tsinkensa, Lambo yana gwada cewa ana iya rage wahalar mutum a bar masa ƙafarsa da bakinsa. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici, ƙasar ta ci gaba da aiki da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai ƙa'idoji a kan tsare mutum ba da yardarsa ba.

Akwai kuma wata ƙarya da ke kwance a gindin tambayar, wato cewa zaɓin ɗan Adam shi ne tushen wahalarsa. Sikilar yaron nan ba zaɓin yaron ba ce. Sauro ba ya shawara da kowa. Agana, wadda ta makantar ta kuma kashe mutane ba adadi, an shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu, wanda aka ƙiyasta yana kama mutum miliyan uku da rabi a shekara a 1986, ya koma 'yan ƙalilan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kuma an tabbatar da Najeriya ta rabu da shi a 2013. An yi wannan da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da mutanen ƙauye da suka yarda su hana mai ciwon shiga tafki. Ba a ce babu tilas ko kaɗan a tarihin rigakafi ba, an yi ta a wasu wurare. Amma babu wanda aka cire wa ikon nufi kafin agana ta tafi, hasali ma nufin dubban mutane ne ya kore ta.

Abin da ya rage shi ne wahalar da mutum ke jawo wa mutum: yaƙi, da zalunci, da cin amana. Nan kam zaɓi yana da laifi. To amma zaɓin wa? Manyan masifun ƙarni na 20 ba su fito daga yawan 'yancin talakawa ba. Sun fito daga wuraren da mutum guda ko ƙungiya guda ta tattara ikon yanke hukunci, miliyoyi suka zama masu bin umarni, sau da yawa da alkawarin cewa ana gina duniyar da babu wahala a cikinta. Maganin da tambayar ke tallatawa, a tara dukan nufi a wuri ɗaya, shi ne yanayin da cutar ta fi yaɗuwa a cikinsa. Sai an fara samun mai riƙon da ba ya kuskure, ba ya son kai, ba ya gajiya, sannan cinikin zai yi ma'ana, kuma masu neman wannan kujera a tsakanin mutane su ne waɗanda ya fi kamata a ji tsoro.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga hannun Freeman da sauran bakin magana shi ne Howard Dully. An yi masa aikin a watan Disamba na 1960 yana da shekara 12, bayan matar ubansa ta kai ƙararsa. Laifuffukan da aka rubuta sun haɗa da taurin kai, da yawan tunanin banza, da ƙin zuwa barci, da kunna fitila da rana. Ya yi shekaru yana yawo tsakanin gidajen tsare yara da asibiti da titi kafin ya samu aikin tuƙin bas. Yana da shekara hamsin da wani abu ya nemi fayil ɗinsa a cikin takardun Freeman da ke ajiye a jami'ar George Washington, ya ga hoton kansa a kwance da ƙarfen a ƙwarmin idonsa, ya karanta abin da matar uban ta faɗa da abin da likitan ya yanke. A 2005, a wani shirin rediyo, ya zauna da mahaifinsa ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yarda.